Injin Markaɗena a Filin Malam Gadina

Damanar bana ta cika shekara ashirin da uku da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuma zan fara yau a jarida ba. A gari Malam Gadina ake ce masa, don shi ke kula da furanni da ciyawar wani gidan saukar baƙi a nan Suleja, tun garin yana amsa sunan Abuja. 'Ya'yanmu ne suka matsa in rubuta wani abu a kansa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai a yi mini haƙuri. Na duba zamanmu duka, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makon da ya kusa rasa aikinsa.

Lokacin an fara maganar sabon birnin tarayya, manyan baƙi suna ta sauka a gidan. Aka kawo sabon manaja, mutum mai son tsafta, marar yawan magana. Filin gaban gidan kuwa da langalanga Malam ke sare shi tun yana saurayi. Abin da manaja bai sani ba shi ne kafaɗar Malam ta dama ta riga ta gaji. Ni ke gasa masa ita da ruwan zafi, ni na san hannun ba ya ɗaguwa ya wuce kunnensa. Ya ɓoye, don a gabansa aka sallami mai wankin gidan da idonsa ya yi rauni. Ga yara biyar, ba mu da gona. Ruwa ya yi ta sauka, ciyawa ta fi ƙarfinsa har ta kai gwiwa. Manaja ya kira shi ya ce akwai baƙi ranar Asabar, in filin bai gyaru ba, ga samari nan suna neman aikin.

Da yamma sai ga shi gida, a unguwarmu ta Wambai, da amalanke, an ɗoro wani ƙarfe duk tsatsa. Injin yankan ciyawa ne da Turawa suka bari a sito. Gabansa wata ganga ce ta wuƙaƙe a murɗe, bayansa wata gangar mai nauyi da ke birgima a ƙasa. Bakanike ya duba ya ce ƙarfen lafiya lau, amma injin da ke juya shi ya mutu, kayansa ko a Kaduna ba a samu.

Malam ya daɗe a tsugune. Sannan ya dubi rumfar da nake markaɗe.

"Hajara, ina neman aron injinki."

Wannan ɗan injin fetur shi ne duk abin da na mallaka. Da shi nake markaɗa wa unguwa wake da kayan miya, da shi ake cefane idan wata ya yi nisa.

Na ce, "In ya lalace fa, Malam?"

Ya ce, "In ya lalace, ban san abin da zan ce miki ba."

Da ya yi mini alkawari da baki mai daɗi, da wataƙila na hana. Na shiga ɗaki na ɗauko masa sifana.

Tsakar gidanmu ya koma gareji. Ya kwance komai, ya jiƙa notuna a kananzir, ya jera su a faifaina don kada su ɓace. Ramukan injina ba su dace da na Bature ba, sai da mai walda ya yanka faranti ya huda sababbi. Bel ɗin farko ya yi tsawo, na biyu ya tsinke. Wuƙaƙen kuwa ba a wasa su da dutse. Ya kwaɓa lallausan yashi da baƙin mai ya shafa, yana juya gangar baya-baya da hannun hagu, har sai ta goge da wuƙar ƙasa kamar almakashi. Gwajinsa takarda ce: in ta yanku tsaf, ya yi, in ta lanƙwashe, a sake. Littafin da nake koyon rubutu a ciki rabinsa a nan ya ƙare.

Mata suna zuwa da kwanukan wake suna komawa. Ladi, wata manomiya daga Iku da ke kawo mini itace tana markaɗe a wurina, ta leƙo ta ga abin da ake ciki.

"Uwar ɗakina, kin ba miji inji ya je ya yi wa ƙasa aski, mu kuma mu koma dutsen niƙa?"

Na yi dariya don kada ta ga fuskata.

Yau idan na bi ta Iku ba na gane gonar Ladi, gidajen haya sun cinye ta. Masu aiki a Abuja suna fita da asuba su dawo bayan magariba, tsakar gida duk an malale da siminti. Inda ciyawa ta leƙo, magani ake fesa mata ta ƙone tsaye. Ina jin da Malam zai gani, ba zai yi faɗa ba. Zai tsaya ne ya tambaya, to yara a ina suke zama da yamma?

Ranar Alhamis ya ce in zo in gani, tunda injina ne. Na tsaya bayan shinge. Manaja yana baranda. Malam ya naɗa igiya ya ja da hagu, shiru. Ya sake, shiru. Can injin ya kama da irin ƙarar da na sani, har na ji kamar in miƙa hannu in zuba wake. Ya tura shi cikin ciyawa.

Bai yanka ba. Ciyawar ta kwanta a ƙarƙashinsa, yana wucewa ta miƙe. Wadda ta shiga ta naɗe gangar, bel ya fara hayaƙi, injina ya shaƙe ya mutu. Ashe irin wannan na gajeriyar ciyawa ne. Malam ya sha ganin Turawa suna tura shi a filin da kullum a aske yake, bai taɓa ganin an sa shi a ciyawar damina ba. Mu duka mun ɗauka inji inji ne.

Manaja ya sauko. Ya ce, "Sai ka fara sare ta da langalanga, sannan ka bi da wannan." Ya ɗauko ta da kansa ya miƙa masa. Malam ya karɓa da hagu. Na ga idon manaja ya sauka kan hannun daman, ya ɗan tsaya a nan, sannan ya juya ya hau baranda.

Daga nan ban koma gida ba, Iku na nufa da goyo a bayana. Na san Ladi da maƙwabtanta suna kiwon awaki, kullum sai sun yi nisa neman ciyawa. Na gaya mata komai, har da kafaɗar, abin da ko 'yan'uwansa ban gaya wa ba. Ba ta yi zolaya ba wannan karon. Ta ce, "Je ki gida." Na iske Malam ya turo injin gida, a nan ya kwana, da safe ya mayar.

Safiyar Juma'a suka zo da laujensu, suka duƙa, suka bi filin ƙasa-ƙasa, suna ɗaure dami suna saɓawa a kafaɗa. Manaja ya fito ya ce wa ya ba su izini. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, su suna son ciyawar, mu ba ma so." Manaja bai kore su ba.

Bayan an sauko daga masallaci Malam ya sake jan igiya. Wannan karon gangar ta yi wani sauti siriri, ciyawa tana tashi gabanta kamar tsaki. Ya je ƙarshen fili ya juyo, sai ga layi mai haske kusa da layi mai duhu. Manaja ya taka har tsakiya, ya shafa ƙasa da tafinsa. Abin da ya ce kawai, "A mayar da langalangar nan sito." Ko ya gane ko bai gane ba, bai taɓa tayar da maganar ba, Malam kuma ya yi aikinsa har ya yi ritaya.

Wannan yammacin, da gajiyarsa, ya kwance injin ya turo shi gida ya ɗaura mini a rumfa. Haka ya ci gaba duk ranar yanka, shekara da shekaru: ya kwance da safe, ya dawo da shi kafin magariba. Na sha ce masa ya bar shi can zuwa gobe, sai ya ce, "Aro na yi." Ladi ba ta sake biyan markaɗe ba har ta rasu, amma ba ta fasa ƙorafin cewa ƙosanta yana ƙamshin ciyawa ba.

Filin yanzu shaguna ne. Gangar wuƙaƙen tana bayan ɗakina, tsatsa ta koma mata, kaji na kwana a gindinta. Jikokinsa ba su san hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa ba. Abin da suka sani shi ne a gidan nan, in ka ari ko allura ce, ba ta kwana a wurinka. Allah ya kai haske kabarinka, Malam. Injina bai taɓa kwana a waje ba.