Mushe Irmiya, Mai Kiwon Taurari

Kullum da safe Mushe Irmiya (Mushe muke ce wa malamin boko a nan) kan tura tsohon kekensa zuwa lakwal, wato makarantar ƙauyenmu da ke gefen Dumega, ya koyar da kimiyya har alli ya ƙare a hannunsa. Da magariba kuwa sai ya tsaya bakin rijiya, ya ɗaga kai sama. Mun sha yi masa dariya, muna kiransa mai kiwon taurari. Bana ya ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ya tafi shiru ba.

Kakar bara gero ya nuna, ana ta jita-jitar hare-hare, sai ga wuta biyu a sama bayan magariba, ƙarama na bin babba, babu ƙara. Aka ce jirgin yaƙi ne marar matuƙi. Nan da nan mata suka ɗaure kaya, aka ɗaura wa shanu amalanke. Za a gudu a bar wa tsuntsaye abincin shekara.

Tsoho Jibo, mai garinmu, ya aika aka kira Mushe Irmiya.

"Mushe, kai da ba ka gajiya da kallon sama, mi munka gani?"

"Baba, babbar wutar tasha ce ta sararin samaniya, mutane na aiki cikinta. Ƙaramar kumbon Rasha ne, ba kowa ciki. Abinci da ruwa da mai ya ɗauko musu."

"Ba direba? To wa ka nuna mai hanya?"

"Jakin matarka Balki, in ta aza mai hura, wa ka nuna mai gona? Ku ba ni zuwa jibi. In wutar ba ta koma guda ba, ni zan ja amalanken farko."

Aka zauna jira. Washegari ƙaramar ta matso. Ranar jibin duk gari ya fito bakin rijiya, sai ga wuta guda tana wucewa, biyun sun haɗe. Balki ta rangaɗa guɗa. Jibo ya gyara hula ya ce, "To, hura ta kai gona. Gobe kowa shi kai tashi hurar gona."

Mushe, kai ne ka tsaya ranar da ƙafafunmu suka ƙi tsayuwa. Kai ne ka sa ƴaƴanmu yanzu suke kallon sama ba tare da tsoro ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Malaman da ke tasowa, ku yi irin tasa, ku fito da iliminku daga aji zuwa bakin rijiya. Mu dai, Mushe, duk tuwon da muka ci bana, da hannunka a ciki.