Tsohon Injin Taubashina

Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku, saboda haka in na faɗi magana a saurara. A cikin direbobin da ke kai mutanen ƙauyukanmu na wajen Tajaye kasuwar Badaguishiri, ni kaɗai ke iya karanta rubutun da ke jikin galan ɗin man inji. Direbobin kuwa mu biyu ne, ni da taubashina, ɗan kawuna. Shi ko harafin "a" ya tare masa hanya sai dai ya matsa masa ham. Amma shi ya je Makka, shi ke da garke, ni kuwa aka bar ni da ilimi. Yana ce mini Aji-uku, ina ce masa Alhajin shanu, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, haka muka tsufa.

Kowannenmu na da akori-kura mai shan gazwal, wato man dizal, kusan sa'annin juna. Hanyarmu ɗaya, amma sai na bayyana yadda take, don mutumin birni ba zai gane ba. Ƙauyukan ba a bakin hanya suke ba. Da damina gero na rufe su ruf, ba ka hangen ko kan rumbu. Ba wanda ke fitowa ya tsaya jira. Ranar kasuwa kowa na ɗaure kayansa ya zauna a gida, kunne a buɗe. Da kuka ake gane mota. Tawa tana da wani siririn nishi kamar tsohuwa ta ɗauki tulu. Ta taubashina kuwa tari biyu take yi sannan ta yi kaca-kaca, saboda salansarta ta taɓa hujewa aka liƙe da gwangwanin tumatir. Wannan tarin shi ne arzikinsa. Da an ji shi sai gona ta fara haihuwar mutane: masu wake, masu awaki, Fulani mata da ƙoren nono. Ni in na zo, sai in kwashe waɗanda suka makara wajen ɗaura zani. Shekara da shekaru ina cin ragowarsa, ina ce wa kaina ai mai ilimi ba ya son cunkoso.

Sai wata rana ya dawo daga Konni da kalma ɗaya a baki: turbo. Wai ya ga wata mota ta hau tudu da kaya kamar tana gangara.

Na ce, "Alhajin shanu, ka san mi ake nufi da turbo?"

Ya ce, "Hwaɗa mini, Aji-uku."

Na ce, "Kalmar nasara ce. Ba a hwassara ta ga wanda bai yi lakwal ba."

Gaskiyar magana, a ranar ni ma na fara jin ta.

Ya kai motarsa garejin wani makaniki a Konni, mutum mai ƙarancin magana da yawan lissafi. Ni kuma na riƙa bin sa, don zumunci. Inji ɗan Kwatano ya iso a kan katako, da wani abu kamar katantanwar ƙarfe manne a gefensa. Bijimai biyu daga garkensa suka tafi kasuwa. Taubashina ya ɗauka an gama, sai a ɗaura a tayar. Makaniki ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wanga inji iska yaka sha ninki biyu, dole ya sha mai daidai da iskar. Pompon da ya zo da shi ya gaji, enjekta biyu sun toshe. In an bar shi da yunwa, narkewa za ya yi."

Karsana ta tafi.

Bayan kwana huɗu ya ce tiyon da ke kawo mai daga tanki ya yi siriri, sai an sa mai kauri. Ya ce gazwal ɗin jarka da muke saye a bakin hanya yana da ruwa da yashi, tsohon inji na haɗiyewa ya yi shiru, wannan kuwa ɗan gata ne, sai an sa masa matata mai ɗan kofin gilashi a ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Aka sayo. Ya ce iskar da katantanwar ke turawa zafi take yi, sai an sa wata ƙaramar radiyata a gaba ta sanyaya ta. Ga tiyon man inji da zai je ya jiƙa katantanwar ya dawo. Ga kuloci, don tsohon ba zai riƙe ƙarfin ba. Ga walda, don ƙafafun sabon inji ba su faɗa inda na tsohon suke ba. A ƙarshe ya ce salansa ma ta yi ƙunci, sai mai faɗi. Aka cire ta gwangwanin tumatir aka jefar bayan gareji.

Duk lokacin da makaniki ya buɗe baki, da yamma sai in bi ta garken taubashina in yi wa shanu sannu. Ina ƙirgawa. Biyar suka tafi, da rago ɗaya mai ƙaho wanda ni da kaina na taɓa tayawa aka hana ni. Ban ɓoye muku ba, a makonnin nan na yi ƙiba. Ina ce masa, "Bawana, da ka tambaye ni ai da na karanta maka takardar." Ba wata takarda.

Sai ranar da motar ta dawo. Ina zaune gindin itacen bedi a bakin gudaro, wato titin kwalta, na ji wani fito, siriri, mai tashi sama kamar ana zare shi daga cikin ƙarfe. Kafin in ɗaga kai ta wuce. Motar nan da na sani, mai ƙofa ɗaure da waya, ta wuce ni kamar ba mu taɓa gaisawa ba. Ya juyo ya tsaya gabana, bai kashe ba, wai makaniki ya ce a bar ta ta huce tukuna. Ya sauko yana gyara hula.

"Aji-uku, ka ji?"

Na ce, "Na ji. Butar shayi ma haka taka yi, kuma ba a sai da saniya a saye ta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na je gida tuwo ya ƙi wucewa. Ƙibar nan duk ta zube a kwana uku. Abin da ke cina shi ne, da ma ragowa nake ci. Yanzu mai wannan gudun zai yi sawu biyu kafin in yi ɗaya, ragowar ma ba za ta saura ba.

Kamar motata ta ji, a makon nan nishinta ya koma hayaƙi. Da ma ta daɗe tana shan man inji kamar fura. Na lallaɓa da ita Konni. Makaniki ya saurara ya ce ta gama aiki. Sai ya nuna mini wani abu rufe da tsohon tanti. "Ga tsohon injin Alhaji nan. Lafiya lau yake, ƙarfi ne kawai bai kai mashi ba."

Ni in sa abin da taubashina ya tuɓe? Na yi fushi sosai, na zagaya garejin sau biyu, sannan na tambayi kuɗi. Buhunan waken da na ajiye suka isa. Na kafa sharaɗi: a shafa masa baƙin fenti, kuma maganar ta mutu a nan. Ya ce to. Da ya ga tawa salansar ta ruɓe sai ya ɗauko waccan ta bayan gareji ya ɗaura mini gyara. Ban duba ba. Mai ilimi ba ya shiga ƙarƙashin mota.

Ranar kasuwa, gari na wayewa taubashina ya wuce da fitonsa. Na bi baya da kusan rabin awa, zuciya a mace, don na san wayam zan tarar. Na doshi ƙauyen farko, na sauke giya, motata ta yi tari biyu ta yi kaca-kaca.

Gona ta fashe. Mutane ta ko'ina, da buhu, da akuya, da ƙwarya, suna cewa, "Alhaji ya iso! Alhaji ya iso!" Suka zo suka tarar da ni.

Wata tsohuwar Bafulatana mai nono, wadda shekara ashirin ba ta taɓa shiga motata ba, ta leƙo ta taga ta dube ni ta dubi motar.

"Kai ne? To ina mai tarin?"

Na ce, "Inna, yana gaba."

Ta rage murya. "Ɗana, su wa suka wuce ɗazu? Mun ji fito. Duwan ne ko?"

Nan na gane komai. A hanyarmu, tun da aka halicce ta, mota ba ta yin fito sai ta 'yan duwan, wato kwastan, in sun fito sintiri. Mutanenmu kuwa, kusa da iyaka muke, kowane gida ba a rasa jarkar mai ko buhun sukari ko turmin atamfa da bai je ya gaida buron duwan ba. Da suka ji fiton taubashina sai kowa ya ja kayansa cikin gero ya kwanta. Har mai nono, da ba ta da laifin komai, ta ɓuya don ta ga ana ɓuya.

Na ce, "Inna, ni ma kukan kawai na ji."

Ban yi ƙarya ba. Gaskiya ce na ɗan rage mata tsawo.

Ranar nan har kan rufi aka zauna. A kasuwa na hangi taubashina tsaye jikin motarsa, ba kowa ciki sai tabarma. Girman kai ya hana shi tambaya, ya ɗauka hassada ce ta sa mutane suka guje shi don ya yi sabon abu. Ya yi lodin albasa ya nufi Konni tun kafin azahar. Kasuwa ta biyu ma haka. Ya zo ya same ni yana cewa, "Mutanen ga ba su son ci gaba." Na ce, "Rashin lakwal ne." Na yi masa ta'aziyya da fuska mai kyau.

Kasuwa ta uku, na sha kwanar ƙauyen farko, motata ta yi tarinta, mutane suka fara ɓullowa. Sai na ga akori-kura a gindin gawo, a kashe, da mutum zaune kan bonet ya harɗe ƙafa. Ashe ranar ya gaji, ya tsaya, ya bar ta ta huce ya kashe, ya zauna yana tunani. Yana zaune ya ji kansa yana tahowa daga nesa.

Ya sauko a hankali. Bai dube ni ba. Ya durƙusa, da babbar rigarsa, ya leƙa ƙarƙashin motata. Ya daɗe. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Aji-uku, wanga gwangwanin tumatir matata ta yi miya da shi."

Na ce, "Tumatir ai ba na mutum ɗaya ba ne."

"Buɗe gaba."

"Fenti bai bushe ba."

Tsohuwar mai nono ta matso tana kallonmu. Ta ce, "Alhaji, gara da ka zo. Duwan sun dame mu, kasuwa uku ke nan." Ya shiga motarsa ya murza makulli ya taka. Fiton ya tashi. Wallahi mutum biyu sai da suka juya za su koma gero. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta dube shi, sannan ta juyo gare ni, ta daɗe tana kallona.

"Kukan kawai ka ji, ko?"

Na ce, "Inna, rana tana yi, nono za ya lalace."

Na ɗauka ranar za a kwashe mini mutane a bar ni da tabarma. Taubashina ya yi dariya har ya riƙe ƙofa, ya ce ɓarawon tari bai taɓa gani ba sai a gidan goggonsa. Amma da ya ce a shigo motarsa, sai aka tsaya ana kallon juna. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, yau mun gan ka. Gobe in mun ji fito, ta ina za mu san kai ne ko su ne? Mu dai in ba mu ji tari ba, ba mu hitowa." Ya ce in sayar masa da salansar. Na ce ta gado ce. Ko da na bayar ma, makaniki ya riga ya faɗa masa ba za ta shiga sabon inji ba.

A nan gindin gawo aka yanke. Ni ke gaba, in yi tari in fito da mutane. Shi yana baya, yana tafe a hankali kada ta yi fito. Mutane da nono nawa, buhu da dabba nasa. Har yau haka muke. Motata ba ta sake tafiya da ragowa ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ina ce masa Alhaji yaron motata ne mai ɗauko mini kaya.

Sai dai akwai wani hawa kafin a gangara kwarin Badaguishiri. A nan ba ƙauye, ba mai ɓuya. Ina kan giya ta ɗaya, inji na kaca-kaca, sai in ji shi daga baya ya saki abin. Ya wuce ni da buhu talatin da bijimi a tsaye, yana ɗaga mini yatsu uku. Fasinjojina duka, waɗanda ni na fito da su, ni na ɗauko su, sai su miƙa wuya suna bin sa da ido suna cewa, "Kai! Mota!" Kuma har gobe, in na doshi ƙauye na yi tari, abin da nake ji daga cikin gero shi ne, "Alhaji ya iso."

Na sake zuwa wajen makaniki a ɓoye na tambaye shi, a matsayin bincike na ilimi, ko ana iya ɗaura katantanwar nan kaɗai a kan tsohon inji, ba don gudu ba, don sautin kawai, a hawan nan kawai. Ya goge hannu ya fara: pompo, tiyo mai kauri, matata mai kofi. Na ce ya dakata. Na tambaye shi ko yana karɓar awaki.