Goggon Sashen Kataloji da Littattafan da Ruwa Ya Ci

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, ina zaune a sashenmu na kataloji, inda ake rubuta bayanan littattafan ɗakin karatu, ina duba wasu sabbin littattafai, sai wayata ta yi ƙara. 'Yarki ce babba, Goggo, ma'aikaciyar jinya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, Mama ta cika." Na ce mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Na sake faɗa. Mun san ciwon ƙodar ya yi nisa, mun ga yadda likitoci suka rage magana, amma duk da haka labarin ya same ni kamar ban taɓa shirya masa ba. Na ajiye wayar, na dubi abokan aiki, kafin in buɗe baki sun gane.

Goggo. Haka kowa yake kiran ki a ɗakin karatun nan, tun daga masu gadi har shugaba, har ɗalibai da ba su san inda sunan ya samo asali ba. Ni ma da shi zan kira ki yau.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki, fiye da shekara ashirin da suka wuce, teburin gaba nake so, inda ake hulɗa da jama'a. Sai aka turo ni ɗakin baya, mai tagogi can sama kusa da rufi, mai warin gam da tsohuwar takarda, da fanka guda da take juyawa in ta ga dama. Akwatunan katunan bayanan littattafai sun jeru a jikin bango, ke kuma kina zaune a tsakiyarsu da jan fensir a bayan kunne, ta saman ɗankwali. Ba ki tambaye ni takarduna ba. Kika turo mini littattafai uku: ɗaya a harshen da aka rubuta shi, ɗaya fassara, ɗaya kuma taƙaitacce na 'yan makaranta da aka sauya wa suna. Kika ce, "Littafi nawa ne a gabanka?" Ban ko buɗe su ba na ce uku. Kika ce, "Sarkin gaggawa, uku ne a hannu. Amma mutum ɗaya ne ya zauna ya yi tunanin, kuma sau ɗaya ya yi shi. In katinka bai faɗi haka ba, ka raba ɗa da ubansa." Sunan ya bi ni har yau da nake da furfura.

A wancan zamani kowane littafi katinsa daban, kuma kati ba ya sanin ɗan'uwansa. Wannan ya daɗe yana ci miki rai. Kikan ƙara ɗan layi a ƙasan kati da hannunki, ki nuna cewa wannan fassarar wancan ce, ko wannan tsohon bugun wancan ne, duk da babu dokar da ta tilasta miki. Da aka zo da kwamfuta, aka tura ki wani taron ƙara wa juna sani a kan sabon tsarin bayanan littattafai, kin dawo fuskarki a sake kamar wadda ta gamu da dangi a ƙasar da ba ta san kowa ba. Kika tara mu kika ce ashe abin da kike fama da shi tuntuni wasu sun zauna sun sa masa suna. Kika zana mana shi a allo, hawa huɗu. Akwai aikin kansa, wato abin da marubuci ya ƙaga. Akwai sigar da aikin ya fito da ita, ko harshen asali, ko fassara, ko karatu da murya don marasa gani. Akwai bugun da wata maɗaba'a ta yi a shekara kaza. Sannan akwai kwafin da ke kan kantarmu, mai hatiminmu, mai yagaggen bango. In an ɗaure huɗun nan da juna, kika ce, wanda ya zo neman ɗaya zai ga duka danginsa.

Daga nan kika ɗauki nauyin mayar da dukan kundinmu kan wannan tsari. Aiki ne na shekaru, kin sani, mu ma mun sani. Kika fara da sashen noma da kiwo, littafi bayan littafi, kina buɗe kowanne har shafin ƙarshe. Ba ki da sauƙi a wajen aiki, wannan gaskiya ce. Jan fensirinki ya sa wasu kuka, wasu sun nemi canjin sashe. Amma ke ɗin ce dai da matata ta sha wahalar haihuwa kika kore ni daga ofis, kika ce kar ki sake ganin ƙeyata sai ta tashi, kika haɗa aikina da naki ba tare da shugaba ya ji ba. Da na dawo ina godiya, sai kika miƙo mini katunan da na yi kuskure a kansu kafin in tafi, kika ce godiyar ke nan.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wata dattijuwa ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin nauyin shiga. Mijinta ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ya rasu da daɗewa. Ya taɓa rubuta wani ɗan littafi a kan cututtukan awaki, aka buga shi sau ɗaya, kwafin gidansu kuma ya salwanta a wata ƙaura da suka yi. Jikokinta ba su yarda kakansu ya rubuta littafi ba, tana so ta nuna musu. A teburin gaba an duba sunansa, an ce babu. Ke kika ji maganar, kika ce a shigo da ita. Kin tuna wani littafi a wani harshe, da wata ƙungiya ta buga da sabon suna, wanda a shafinsa na ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe, aka ambaci cewa daga aikin wane aka fassaro shi. Kika sauka ɗakin ajiya na ƙasa da kanki kika ɗauko. Dattijuwar ba ta iya karanta harshen ba. Ta yi ta buɗe shafuka har ta kai kan wani zane, sai ta ɗora yatsa ta ce, "Wannan akuyar ni na riƙe masa ita yana zanawa. Ta ƙi tsayawa." Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi. Kika sa aka yi mata hoton shafukan duka, kuma kafin a tashi ranar kin buɗe wa aikin nan bayani na kansa da sunan mijinta a sama, fassarar a ƙarƙashinsa.

Bayan wasu shekaru, cikin wani dogon hutu, bututun ruwa ya fashe a ɗakin ajiya na ƙasa. Babu wanda ya sani sai da aka dawo. Na ga kin tuɓe takalmi kin shiga ruwan har ƙwauri, kina ɗago littattafai suna narkewa a hannunki kamar jiƙaƙƙen kwali. Abin da muka iya cetowa muka shanya a farfajiya, sauran aka kwashe a baro. A sassan da kika riga kika gama, cikin 'yan kwanaki muka san ainihin asararmu: wane aiki ne yake da wani bugu a sama, wanne ne yake da fassara, wanne ne kuma ya tafi gaba ɗaya. A sassan da ba ki kai ba, har yau ba mu san abin da muka rasa ba.

Littafin awakin yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Kika nemi gidan dattijuwar don ki ari hoton shafukan da kika ba ta. Kika tarar ta rasu, 'ya'yanta sun sayar da gidan sun watse, maƙwabta ba su san inda suka nufa ba. Kin rubuta wa wasu ɗakunan karatu, babu mai shi. Abin da ya rage na wannan bawan Allah da aikinsa shi ne 'yan layukan da kika rubuta.

A nan ne saɓaninki da shugaba ya fara. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana da hujjarsa. Ya ce duk bayanin da babu kwafinsa a kanta a goge shi, domin mai karatu kar ya nemi abu ya gani a kwamfuta, ya zo ya tarar babu. Ke kuma kika ce kwafin ne ya lalace, aikin an yi shi, kuma wajibinmu ne mu shaida cewa an yi. Kika ce a bar bayanin, a rubuta a ƙasansa cewa ba mu da kwafi, wataƙila wata rana wani ya gani ya kawo. An yi zama a kan maganar nan ba sau ɗaya ba. An ba ki takardar gargaɗi, ta farko a duk tsawon aikinki. Kika karanta, kika gyara wani kuskuren rubutu a cikinta da jan fensir, kika sa hannu, kuma ba ki goge ko ɗaya ba.

A cikin wannan ja-in-ja ne ciwon ya bayyana. Ƙafafunki suka fara kumbura, kika koma sa silifas a ofis, ke da ba ki yarda kowa ya shigo da shi ba. Aka fara yi miki wankin ƙoda. Washegarin kowane wanki kikan zo a galabaice, ki zauna, ki ce in karanto miki shafin farko da na ƙarshe na littafi, ke kuma ki faɗi inda za a ɗaura shi. Da muka ce ki huta, sai kika ce a gida ma zaman ne, gara ki yi shi inda zai amfani wani. Kin kai tsakiyar sashen tarihi, jiki ya ƙi.

Kina kwance a asibiti aka sauya manhajar ɗakin karatun. Sabuwar ta zo da shiryayyun bayanai daga wani kamfani, kowane littafi shi kaɗai, kamar zamanin kati. Mun roƙa a ɗauko ɗaurin da kika yi, aka ce ba zai shiga ba sai an sake aikin daga farko. Bayanan da ba su da kwafi kuwa ba a ɗauko su ba sam. Na je gaishe ki da la'asar bayan an sallamo ki, na same ki a tsakar gida a kan tabarma, an jingina ki da matashi. Na yi niyyar in ɓoye, amma tambayarki ta farko ke nan, kuma ba ki taɓa koya mini rufa-rufa ba. Na faɗa miki. Sannan kika ce, "Har da na mai awaki?" Na ce har da shi. Kika ce, "To. Allah dai Ya san ya rubuta." Kika juya maganar zuwa karatun yarana. Ban sake jin kin ambaci ofis ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo a kan duk faɗan da kika taɓa yi mini.

Goggo, ba zan yi miki alkawarin da ban san zan iya cikawa ba. Mu uku muka rage a sashen, kuma ana maganar haɗe mu da wani sashe. Na ajiye kwafin tsohon kundinki a faifai, yana cikin durowata. Ko za a ba mu dama mu mayar da shi, ko ba za a ba mu ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk wanda ya zauna a ƙarƙashinki ba ya iya ɗaukar littafi bai tambayi daga ina ya fito ba, da su wane ne danginsa.

Da muka je zaman makoki, maigidanki, tsohon malamin makaranta, ya riƙe hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Ya ce shekara arba'in kuna tare bai taɓa gane ainihin abin da kike yi a ofis ba, kuma in kin fara bayani barci yake ɗaukar sa, ke kuma ki yi ta yi masa tsiya. Sai muryarsa ta sauka. Ya ce ke kike ware masa magungunansa na hawan jini, na safe daban, na yamma daban, har ranar da aka mayar da ke asibiti. Ya ce, "Yau da safe na tsaya a gaban kwalaben nan, ɗana, ban san da wanne ake farawa ba."

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka karɓi wahalar da ta yi domin kada sunan wani ya ɓace, wadda ta tsaya da wadda aka goge, domin babu abin da yake gogewa a wurinKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba maigidanta, da 'yarta babba da ƙannenta, da jikoki, da 'yan'uwanta, da abokan aikina da muke shiga ɗakin nan kullum muna kauce wa kallon kujerarta. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya dafa wa Baba a cikin kaɗaicinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.