Gida-Gida da Malam Sule

Kafin sunana ya ɓaci a Kurudu, ni yarinya ce mai shiru. Na gama difloma, aiki bai samu ba, ƙawayena duk sun watse. Da la'asar nakan hau saman wani bene da ba a gama ginawa ba kusa da gidanmu, in zauna da littafi ina kallon duwatsu har rana ta faɗi. Ba wanda yake nemana.

A ƙasan benen samarin layinmu suke taruwa, suna gaba da samarin tsallaken kwalbati. Wata rana babbansu, Dogo, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiyar sama, wa kika hango?" Na yi dariya na gaya masa. Washegari ya sake tambaya. Ƙannena, ba tsoro ne ya ja ni ba. Daɗi na ji cewa akwai masu jiran maganata. Sannu a hankali na zama idonsu, duk wanda ya ƙetaro daga tsallake, ni nake sanar da su.

Ranar da na rasa abin faɗa, sai na hango mai ruwan da yake kawo mana ruwa ya tsayar da kurarsa a tsallake, yana hira da samarin can. Ruwa yake sayar musu, na sani. Amma na ce wa Dogo, "Wancan ne yake kai musu labarinku." Washegari suka tare shi da adda da rana tsaka. Ya rayu, hannunsa na dama bai sake ɗaukar jarka ba.

Aka kama mu, aka ɗaure ni tare da su. A gidan yari mahaifiyata kaɗai take zuwa, ta zauna ta kalle ni, ta tashi. Da aka sallame ni, mutanen layinmu suka ce ba zan sake kwana a unguwar ba.

Wata insifeton 'yan sanda mace ce ta haɗa zaman sulhu a harabar ofishinsu. Mai unguwa ya zo, da liman, da fasto, da mai ruwan. A nan na fara jin sunansa: Malam Sule. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, insifeton ta ɗaga hannu, ta ce da Hausarta ta Abuja, "Yarinya, ka yi shiru tukuna. Wanda aka cuta shi ne zai fara."

Malam Sule ya dube ni ya ce, "Me na yi miki, 'yar nan?"

Na ce, "Ba komai, Baba."

"To, hannu ya riga ya tafi, na bar wa Allah. Amma tunda aka sare ni, mutane cewa suke ba a saran mutum haka kawai. Gidajen da nake shiga har tsakar gida, yanzu ko gadi na nema sai a rufe ƙofa. Da bakinki kika ɓata ni. Ki bi ni gida-gida ki gyara."

Mai unguwa ya ce in na cika wannan, kuma Malam Sule ya gamsu, zan koma ɗakin mahaifiyata.

Haka muka fara. Yana gaba ina biye. A kowace ƙofa in yi sallama in ce, "Ni ce na yi wa Malam Sule ƙarya. Ba ɗan daba ba ne, bai taɓa kai labarin kowa ba." Wasu suka saurara. Wata ta watsa ruwan wanke-wanke a gabana. Wata tsohuwa ta kama kuka, ta ce, "Sule, ashe mun zalunce ka." Ban taɓa jin kaɗaici irin na tsayuwa a ƙofofin nan ba, unguwar da aka haife ni tana kallona kamar baƙuwa.

A wani gida mai baƙin get, maigidan ya ji ni har ƙarshe, ya ce wa Malam Sule ya zo ya kama gadi. Da muka fito ya tsaya ya goge fuskarsa da hannun hagu. Bai ce ya yafe mini ba. Ya ce, "Je ki gida, uwarki tana jira. Zan gaya wa mai unguwa."

Na tuba ga Allah, kuma ina gida yanzu, ko da yake har yau akwai masu sauya hanya in sun hango ni. Ƙannena, musamman ku 'yan mata masu zama shiru: kada ku ce ai ba ku riƙe makami ba. Ni ma ban riƙe ba. In kun ji kaɗaici, ku nemi wanda zai tambayi lafiyarku, ku guji mai tambayar wa kuka gani. Kuma mutumin da yake shigo muku gida kullum yana muku hidima, ku tambayi sunansa tun yau.