Barewar Sani

Clichy zuwa Paris

Muna idar da sallar asuba ranar Juma'a muka fito daga gidanmu na Clichy, a gefen Paris, ni da ɗana Sani, cikin sanyin Nuwamba. Sani shekararsa ashirin da biyu. Tun yana ƙarami a keke yake, ƙafafu ba su ɗaukarsa, amma hannu da baki lafiya lau, musamman bakin. Ya ci jarrabawar farauta ban sani ba. Ƙanena Laminu, direban bas a Lyon, shi ya haɗa duk wannan makirci.

"Inna, farauta za ni, ba asibiti ba," in ji Sani. "Ke me za ki yi can?"

Na ce, "Kallo."

Mai taksin da ya kai mu tashar jirgin ƙasa ɗan Garwa ne. Da ya ji inda za mu, sai ya dubi kayana: barguna uku, fulas na kunu, dambun nama.

"Hajiya, ina bindigar?"

Sani ya ce, "Tana Lyon, Malam. Waɗannan makaman Inna ne."

A tasha ma'aikata suka shimfiɗa wani faffaɗan ƙarfe a ƙofar jirgi, keke ya hau ba wahala. Tafiyar awa biyu ce. Sani yana leƙen dazuzzuka ta taga, ni ina leƙen ko ya rufe wuyansa.

Minguettes

Laminu ya tarbe mu a gidansa na unguwar Minguettes, a gefen Lyon, matarsa Hadiza ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ja shi gefe na tambaye shi ko ya san abin da bindiga take yi. Ya ce, "Yaya, shi ma ya sani. An koya masa, ya fi ni iyawa."

Daji

Da safe muka nufi tsaunukan arewa da Lyon. Can muka tarar da tsoho Bernard, wanda suka yi aikin bas da Laminu, tare da maharba 'yan uwansa. Aka miƙo mani riga mai ruwan lemo, wai dole ce, don kada a ɗauke ni barewa. Na ɗora ta bisa atamfata. Sani ya yi dariya har da tari. Ana cikin haka wani kare ya zo yana sansanar zanena. Ban san lokacin da na haye bayan mota ba, ni da gwiwa ta hana ni hawan bene.

Hanya duk taɓo ce, keke ya ƙi tafiya. Maza huɗu suka ɗauke shi cak, da Sani a kai yana ba su umarni kamar ango, har bakin wani fili inda zai yi kwanto. Na bi su ina riƙe da hannun keken.

Bernard ya ce mutum ɗaya ne zai zauna da shi, kuma ba magana ko kaɗan.

Na ce, "To, ni ce."

Sani bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Bernard zai zauna, Inna."

Na dubi dajin, na dubi bindigar. Ban taɓa barinsa hannun baƙo ba, ko a makaranta sai na ga ya shiga aji. Hannuna ya ƙi buɗewa.

Ya ce a hankali, "Ki saki keken."

Na saki.

Laminu ya mai da ni wata bukkar katako mai murhu. Aka ba ni kofi, na kasa sha. Karnuka suna haushi can nesa. Duk ƙarar harbi sai na miƙe, Laminu ya jawo ni in zauna. Carbina ya sha aiki ranar.

Wajen azahar aka busa ƙaho. Sai ga su tafe, Sani duk taɓo har kunne, Bernard a baya ɗauke da barewa, 'yar ƙarama, ba ta fi akuyar gida ba.

"Ta farko ta wuce ina fama da safar hannun da kika tilasta mani," in ji Sani. "Ta biyu ba ta tsira ba."

Na ce, "Ka yi bisimilla?"

"Kafin in danna. Bernard ma sai da ya ce amin."

Na kama hannunsa na riƙe.

Maharban sukan raba nama daidai tsakaninsu, amma ranar suka bar wa sabon maharbi cinya biyu da kafaɗa.

Gida

Lahadi da la'asar muka iso Clichy. Hadiza ta riga ta buga waya, labari ya yi ta girma a hanya, har wasu sun ji cewa ɓauna aka kashe. Maƙwabta suka cika falo. Da na buɗe kula, Malam Isa na hawa na uku ya leƙa ya ce, "Sauran suna mota ne?"

Na yi farfesu, na ƙara ruwa da dankali, kowa ya sami tsoka ɗaya. Sani ya ba da labarin sau biyar, kowane karo barewar tana ƙara gudu.

Malam Isa ya ce, "Hajiya, ke kuma me kika harbo?"

Sani ya riga ni. "Ita ta fi kowa aiki, Malam. Tun safe har azahar ba ta kira sunana ba."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Laminu, ko da yake ban gama yi masa faɗa ba, da tsoho Bernard, da mutanen nan huɗu da ban ma tambayi sunansu ba, waɗanda suka shiga taɓo har gwiwa don ɗana ya kai bakin fili.