Na Yafe, Ban Janye Ba

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida Auta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa tana neman jan biro. Ƙarfe bakwai saura tana falo tana cusa takardun ɗalibanta a jaka.

"Baba, ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Haba Baba, da furfurarka! Ga shi can kan firji ko taɓa shi ba ka yi ba."

Ƙarfe ɗaya ta tashi daga firamaren da ta yi shekara huɗu tana koyar da lissafi. Da rabi, tana tsallaka titi a bakin kasuwa, wani yaro ɗan shekara goma sha shida ya kaɗe ta da motar ubansa. Kafin la'asar ta cika.

Shekararta ashirin da shida. Ita ake tura wa yaran da kowane malami ya gaji da su. Ba ta duka, ba ta kuma ɗaga ƙafa: wanda bai yi aikin gida ba sai ya yi shi a gabanta, ko da za ta rasa abincin rana.

Kwana biyar da rasuwar, uban yaron ya zo da dattawa suna roƙon in janye ƙara. Yayan Auta kuwa gidan yarin manya yake so a kai yaron.

"Baba, in aka sake shi, gobe wani uban zai miƙa wa ɗansa makulli."

Na ce wa dattawan na yafe, amma ban janye ba.

A kotu alƙaliya ta tambaye ni abin da nake so. Na ce kada a mayar da shi gida kamar tayar mota kawai ya fasa, kada kuma a haɗa shi da manyan masu laifi. A tsare shi a gidan horon yara, ya ci gaba da karatu, ya zauna jarrabawarsa. Ta yanke masa shekara uku a can. Yayan Auta ya yi wata biyu ba ya cin abinci tare da ni.

Tufafinta mahaifiyarta ta raba wa 'yan'uwa. Littattafanta, kwali biyu, ni na kai su gidan horon da kaina. Ma'aikaciyar da ta karɓa ta buɗe ɗaya, ta ga sunan Auta a shafin farko.

"Baba, a goge? Yaron zai gani fa."

Na ce a bar shi yadda yake.