Goggo Jaratu Mai Jere da Farin Kicin na Inna Rahmatu

Ƙarfe bakwai na safe, lokacin da mahauta ke rataye nama, teloli na buɗe shaguna, za ka hango Goggo Jaratu tana hawo tudun unguwar Briqueterie da jaka a hammata. Abin da ke cikin jakar bai taɓa canzawa ba: tef na awo, alli, da ƙyallayen atamfa da take tsinta a ƙofar masu ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi wa mata jeren kicin, daga nan har unguwannin Ekoudou da Elig-Edzoa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin. Gwiwa ta gaji da tudu.

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma ta sha jawo mata faɗa da dangin amare. Ba ta taɓa ko cokali sai ta zauna ta ga matar gida ta yi girki. Daga inda hannu ya miƙa neman ashana take sanin inda za a kafa kanta.

Aikin da unguwa ba ta manta ba shi ne na gidan Inna Rahmatu, bara. Maƙwabciyarsu Fa'iza tana wurin, har yau ita ke ba da labarin.

Inna Rahmatu ta haura saba'in, kuma ba a taɓa cin tuwon wata a gidanta ba. Ɗanta Halilu, ɗan kasuwa a Douala, ya so faranta mata. Ya rushe tsohon kicin ɗinta mai baƙin hayaƙi, ya sa aka yi mata irin wanda ya gani a waya: tayil fari, kabet fari, robobin gishiri da sukari da gari duk farare, girma ɗaya. Ba a yi wata biyu ba Inna ta zuba sukari a miyar kuka. Ta dafa tukunya mai zafi da tafin hannu. Ranar da gefen zaninta ya kama wuta, 'ya'ya suka yanke magana: Inna ta ruɗe. Za a kulle kicin, ranar Asabar a sa ta a jirgin ƙasa na Ngaoundéré, ta wuce Garoua wurin 'yarta ta zauna ana ba ta abinci.

Ran Laraba aka kira Goggo Jaratu ta kwashe kayan ta ɗaure. Tana shiga ta ja ta tsaya.

"Wannan kicin ne ko ɗakin tiyata?"

Halilu ya ce, "C'est moderne, Goggo, na zamani ke nan. Ki tattara kawai."

"Zan tattara. Inna, ɗora mana shayi tukuna."

Inna ta ce a hankali, "Sun hana ni wuta, Jaratu."

"Ni ban hana ki ba."

Goggo ta samu wuri ta zuba ido. Inna ta auna ruwa, ta sa ganye, ta daka citta, ko kuskure babu. Da ta juya neman sukari sai ta tsaya gaban robobi shida, tana shafa su, tana kai fuska kusa. Goggo ta zaro jan ƙyalle ta ɗaura a wuyan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Wannan na gan shi sarai!"

Goggo ta juya ga Halilu. "Alhajin Douala, uwarka ba ta ruɗe ba. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani. A tsohon kicin hannunta ya san wurin komai, kai kuma ka zo ka shafe mata duniya da fari."

"Goggo, na riga na yanki tikiti."

"Na Asabar ne ai. Ba ni lokaci zuwa Juma'a. In ta yi kuskure ɗaya, ni zan riƙe mata jaka har tasha."

A ranar Goggo ta sa mai fenti ya mayar da ƙofofin kabet shuɗi mai duhu, bakin kanta ruwan ɗorawa. Ruwan sama ya tsuge, fenti ya ƙi bushewa, ta je shagon tela ta aro fanka biyu. Ta tono tsofaffin gwangwanayen Inna daga buhun da aka jefa bayan ɗaki, kowanne da girmansa, kowanne ta ɗaura masa ƙyallensa. Ta sauke murhun gas daga sama zuwa gajeren benci, nesa da labule, ta dawo da kujera 'yar tsugunne da Halilu ya ce ta tsufa.

Juma'a, ana saukowa daga masallaci, gida ya cika. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe ita kaɗai, Goggo na bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Halilu ya kai loma. Ya kai ta biyu.

Inna ta ce, "Gishiri ya ji, ko in ƙara maka sukari?"

Gida ya kwashe da dariya. Halilu bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ran Litinin, da umarnin Goggo, ya kai ta wurin likitan ido.

Goggo Jaratu, mai jere da ido biyu, ke ce aka kira ki rufe kicin, kika buɗe shi. Ke ce kika kalli tsohuwa kika ga gwanar da take, ranar da 'ya'yan cikinta suka kasa gani. Gidaje nawa kika shiga kika fita ba wanda ya rubuta sunanki a ko'ina? Mun gode. Allah ya ba gwiwarki lafiya, ya saka miki da gidan Aljanna.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, da masu son gyara wa iyaye ɗakin girki, ku yi yadda ta yi: kafin ku zaɓi launi, ku zauna ku kalli mai girkin. Inna Rahmatu tana nan a gidanta, jikoki na layi da kwano, kuma mabuɗin kicin yana ɗaure a bakin zaninta.